Katangar Kafen Alhaji Sani

Samarin da ke koyon aiki a shagona yanzu, da zarar kwamfuta ta ƙi shiga intanet, maganar farko da ke fita daga bakinsu ita ce a kashe katanga. Ɗaya zai latsa wuri guda, shafi ya buɗe, ya juyo yana murmushi wai ya gyara. Nakan ce masa bai gyara komai ba. Ƙofa ce ta cije, shi kuma ya ɓalle ta ya jingine a bango. Dominsu na zauna rubuta wannan, a hankali, don da girmana na koyi riƙe biro.

Katangar da nake nufi ita ce fayawol. Ba abin da ake taɓawa da hannu ba ne. Dokoki ne a jere cikin kwamfuta guda, wadda ke tsaye tsakanin shago da sauran duniya. Duk saƙon da zai shiga ko zai fita sai ya bi ta gabansu, su bar shi ya wuce ko su yar da shi. Na yi shekaru ina gyaran wannan abu a Nguru da Gashuwa, a zamanin da kafe, wato shagon intanet, shi ne kaɗai wurin da mutum zai je ya duba saƙonsa.

Asalin sana'ata gyaran janareto ne. A shekarun casa'in ina da benci a ƙarƙashin wata darbejiya kusa da tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Masu injin niƙa da masu ƙanƙara da masu gidan kallo su ne mutanena. Boko kuwa ko bihim ban sani ba. Da aka shiga shekarun dubu biyu, Alhaji Sani, wani ɗan kasuwa da kakanninsa suka zo daga Haɗeja, ya gaji da tura mutum Kano duk lokacin da masu sayen ƙaronsa suka nemi a aika musu saƙo. Sai ya sayi babban dish mai kamo intanet daga tauraron ɗan'adam ya kafa a bayan shagonsa, ya buɗe kafe. Ni aka ɗauka don janareto. Wanda aka ɗauka don kwamfutoci shi ne Lawan, ɗan Gashuwa, wanda ya yi karatu a Maiduguri. A haife ƙanin bayana ne. Yana ce mini Yaya Adamu, ni kuma ina ce masa Malam, yana hana ni, har ya gaji ya bari.

A bayan shagon akwai ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ba taga sai wata kafa a sama. Nan modem yake, ɗan akwatin da ke haɗa dish da kwamfuta, nan kuma saba take, wato kwamfutar da ke riƙe da katanga. Tsohuwa ce da wani ofis ya yar, gefenta guda a buɗe saboda zafi. Lawan ya sa mata Linux daga wani faifai da abokinsa ya kwafo masa. Ya ce manhajar ba mallakar mutum ɗaya ba ce, kowa na iya buɗe cikinta ya duba ya gyara, kuma ba ta raina tsohon inji. Ba hoto, ba linzami. Baƙin allo ne da farin rubutu, sai ɗan layi yana ƙyaftawa yana jiran abin da za ka ce. Makullin ɗakin biyu ne, ɗaya a wurin Alhaji, ɗaya a aljihun Lawan. Kayan aikinmu kuwa jaka ɗaya ke ɗaukar su: sukurdireba, filayar matse kan waya, ɗan abin gwada waya mai fitilu, burushin fenti na kaɗe ƙura, da faifan nan a naɗe cikin hankici.

In na tayar da janareto ba ni da sauran aiki, sai in tsaya a bakin ƙofar ɗakin ina kallo. Wata rana ya miƙo mini waya in matse mata kai. Na matse, ya gwada, fitilu suka kama a jere.

Ya ce, "Yaya, hannunka ya riga ya iya, ido ne ya rage. Wannan inji ba ya tari kamar naka balle ka saurara. In yana ciwo rubutawa yake yi."

Na ce, "To ai shi ke nan, mun rabu ni da shi."

Ya ce, "Akwai aji bayan la'asar a firamaren bayan kasuwa. Tsofaffin da suka girme ka suna can, har da mai gemu fari."

Haka na shiga ajin yaƙi da jahilci, na zauna a bencin yara gwiwoyina suna neman haɓata. Can na koyi baƙaƙe da Hausa. Turancin inji kuma Lawan ya koya mini ɗaya bayan ɗaya, kuma ba shi da yawa yadda ake tsoro. Karɓa, ƙi, yar da shi, ban gane ba, ba ka da izini. Yawancin maganar saba ba ta wuce nan.

Abin da ya fara dasa mini a kai shi ne katanga ƙofa uku gare ta. Ƙofar shigowa ta saƙon da ke neman saba ita kanta ce. Ƙofar fita ta saƙon da saba ke aikawa da kanta ce. Ƙofar wucewa kuwa ta saƙon kwamfutocin jama'a ce, wanda ratsawa kawai yake yi ya tafi abinsa. Ya sa na maimaita masa wannan har na fara jin haushi.

Aikin farko da ya bar mini, da safe ne aka buɗe shago duk kwamfutoci suka ƙi buɗe shafi. Wani malamin makaranta yana zaune yana kaɗa ƙafa, ya zo duba sakamakon ɗalibansa. Fitilun modem duk lafiya. Lawan ya ja mini kujera, ya koma bakin ƙofa yana cin ƙosai. Ya ce in aika ɗan saƙon gwaji zuwa wani wuri a waje da lambarsa. Na aika, amsa ta dawo. Ya ce in aika da sunansa. Shiru. Kowane wuri a intanet yana da suna da lamba, kuma kafin kwamfuta ta je sai ta tambayi wata kwamfuta a waje ta ba ta lambar sunan. Wannan tambaya ce ba ta fita. Na buɗe dokoki ina bi da yatsa. Dokar da ke barin tambayar tana nan, ba wanda ya goge ta, amma an sa wata a samanta mai hana kowa. Katanga daga sama take karantawa, kuma doka ta farko da ta dace ita ke yanke hukunci, ba ta sauraron ta ƙasa. Na sauko da mai hanawa, shafuka suka buɗe. Hantsi ya yi kafin in gama abin da shi zai yi kafin ya haɗiye ƙosai. Malamin ya ce da an sani da an bar mai janareto a wurin janareto. Lawan ya ce masa, "Malam, kai ma ba rana ɗaya ka fara rubutu a allo ba."

Wani aikin da ba na mantawa, tsawa ce ta faɗo farkon damina ta ƙone kati ɗaya a cikin saba, irin wanda ake jona wa wayar intanet. Kati biyu gare ta, ɗaya yana kallon dish, ɗaya yana kallon shago. Aka kawo sabo daga Kano muka sa. Inji ya tashi lafiya, bai rubuta kuka ko ɗaya ba, amma ba mai iya fita. Muka bi dokoki daga sama har ƙasa, duk daidai. Ashe da ta ga sabon kati sai ta sake musu suna, na farko ya koma na biyu. Katanga ta juya baya ke nan, tana tsare 'yan gida kamar baƙi, ta buɗe wa duniya kamar 'yan gida. Da zare waya muka gane, muna duba wane suna ne zai yi shiru. Tun ranar na san laifin da inji ya rubuta mai sauƙi ne. Wanda bai ce komai ba shi ke cin yini.

Masu zuwa kafe kuwa iri-iri ne. Dillalan bandar kifi masu tambayar farashi a Kudu. Wata Hajiya da ɗanta ke karatu a Sudan, wadda ba ta yarda a karanta mata saƙo sau ɗaya, sai an maimaita. 'Yan makaranta. Da samari masu jan finafinai, waɗanda mutum ɗayansu kan shanye layin duka, har Hajiya ta zauna tana kallon allo yana juyi. Lawan ya toshe musu hanya a ƙofar wucewa, suka sa masa suna Maigadi. Bayan haka Alhaji ya fara raba layin ga maƙwabta, aka ja wayoyi ta kan sanduna zuwa wasu ofisoshi da shaguna, duk suna ƙarewa a ɗan ɗakin nan. Wannan ne ya sa shagon ya tsaya da ƙafarsa. Aka ɗauki Falmata, wata bazawara mai kaifin baki, tana kula da masu shiga da fita. Mu kuma sunanmu ya kai Gashuwa, wani mai ƙaramin kafe can ya riƙa kiranmu gyara.

Yanzu sai in faɗi al'adarmu, don ita ce gindin labarin. Sabuwar doka in ka rubuta ta, a ƙwaƙwalwar inji kawai take zama. In ba ka adana ta ba, da an kashe inji an kunna ta tafi, tsofaffin dokoki su dawo. A Nguru kuwa wuta ba ta yini. Da ta ɗauke saba ta mutu, sai na tayar da janareto ta sake tashi. Sai muka mayar da wannan wahala kayan aiki. Ba ma adana doka sai ta kwana. In ta yi kyau, washegari mu sake rubuta ta mu adana. In ta ɓata wani abu, ba sai mun yi komai ba, ɗaukewar wuta za ta share ta. Da haka Lawan ke iya zama a Gashuwa ya shiga sabar Nguru ta intanet ya taɓa katanga ba fargaba. Yakan ce, "Masu wuta ma'aikatanmu ne, albashi ne kawai ba ma ba su." Ba mu taɓa ɗaukar abin wata hikima ba, balle mu gaya wa kowa. Yadda ake aiki ne kawai.

Shekarar da ta zo mana da duhu, da ƙafa ta fara. Lawan ya daina sa takalmi sai silifa. Daga nan fuska ta riƙa kumbura da safe. Mutanen Gashuwa sun san wannan ciwo, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Likita ya ce ƙoda ce, kuma sai an riƙa kai shi Kano wankin ƙoda a kai a kai. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa sai ɗan fegin shinkafa a fadama. Alhaji ya zo gidansu ya zauna a zaure, ya yi magana a gabana.

Ya ce, "Lawan, ba zan yi maka alkawarin da ya fi ƙarfina ba. Abin da kafe ke kawowa naka ne. Muddin layin nan yana aiki, mota za ta kai ka Kano ta dawo da kai."

Haka aka yi ta yi har damina ta yi nisa. Ni ne mai raka shi, don haka zamana ya koma Gashuwa, shago kuma yana hannun Falmata.

Ana cikin haka bairos ya shigo gari. Irin wanda in ya kama kwamfuta sai ta riƙa fesa saƙonnin banza waje ba dare ba rana, mai ita bai sani ba. Kamfanin da ke ba mu layi ta tauraron ɗan'adam suka aiko da gargaɗi cewa ƙazanta na fitowa daga wurinmu. Na je Nguru na wanke kwamfutocin shago ɗaya bayan ɗaya, na dawo. Ƙazanta ba ta tsaya ba, don daga maƙwabtan da muke ba layi take, kuma ba mai barin ka taɓa kwamfutar ofishinsa. Sai gargaɗi na ƙarshe ya zo: in Juma'a ta yi ba a tsayar ba, za su yanke layin. Magani ɗaya ne, a rufe wa irin wannan saƙo hanya a katanga.

Na ce zan tafi Nguru in yi. Lawan ya ce a'a.

"Ruwa ya ci hanya, Yaya, za ka kwana a mota a kan aikin da bai kai shan shayi ba. Kai ni shagon mai kafen nan da muke wa gyara in shiga daga nan."

Na ce, "Malam, jikinka."

Ya ce, "Jikina ai shi ake wankewa da kuɗin layin. Bar ni in yi aikin da ake kai ni Kano dominsa. Sadaka ta ishe ni."

Ranar Alhamis da safe muka ɗora shi a babur, ni a baya ina riƙe da shi. Lokacin wanki ya matso, kuma in ya matso haka kansa kan yi nauyi, magana takan tsaya masa a tsakiya. Ya zauna a gaban kwamfutar mai shagon Gashuwa, ya shiga sabar Nguru. Yatsunsa sun kumbura, yana buga baƙi ɗaya ya huta. Ni ina waje ina sallamar mai babur. Da na shigo na tarar ya ɗora hannu biyu a cinya yana kallon allo. Ɗan layin nan ya daina amsawa.

Ya ce, "Na rufe ta shigowa."

Abin da ya faru ke nan. Ƙofar wucewa ya yi niyya, inda ƙazanta ke bi, sai hannunsa ya rubuta ta shigowa. Saba ta daina karɓar kowa daga waje, har da shi. Ƙazanta kuma tana ci gaba da wucewa yadda take so.

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ba komai. Ban adana ba. Bari ma'aikatanmu su ɗauke wuta, mu sake shiga."

Muka zauna jira. Mai shago ya shimfiɗa masa tabarma a bayan kanta. Ni ina gwadawa lokaci-lokaci, shiru. Aka yi azahar, shiru. Na ce bari in buga wa Falmata waya.

Ya ce, "Ka ce mata me? Maigadi ya kulle kansa a waje? Kafin magariba Nguru duka ta ji. Yi haƙuri, Yaya, kai da aka sani da haƙuri. Yaushe rabon da wuta ta yini a garin nan?"

Na haƙura. Aka yi la'asar, hadari ya haɗu, ruwa ya sauko. Sai da rana ta kusa faɗuwa ya ɗaga kai daga tabarma ya ce in kira. Da ƙyar waya ta shiga.

Na ce, "Falmata, wai yau ba a ɗauke wuta ba ne a Nguru?"

Ta ce, "Wace wuta, Baba Adamu? Tun hantsi ba mu ga ƙeyarta ba. Janaretonka ma ya yi ta mutuwa, sai mai faci nake roƙo ya ja mini."

"To saba fa?"

"Saba ai ta huta da wannan. Alhaji bai gaya muku ba? Bayan tafiyarka ya kawo mutanen Kano suka sa mata inbata mai riƙe wuta in an ɗauke, da batura manya irin na tirela. Ya ce tunda ba kwa nan, kada kashewa da kunnawa ya lalata ta. Yanzu ko ƙyaftawa ba ta yi."

Lawan yana ji, don na buɗe muryar wayar. Ya karɓa ya ce ta kashe janareto ta rufe shago, ko baturan za su ƙare. Sai ya tambaye ta girmansu, ta kwatanta, ya rufe ido ya ce waɗannan za su kai jibi. Makulli ɗaya yana aljihunsa. Ɗayan yana wurin Alhaji, wanda ke kan hanyar Legas da kaya, wayarsa ba ta shiga. Falmata ta ce za ta hau ta kwance wayar dish. Ya ce kada ta kuskura, da wuta a jikin wayar, in ta taɓa wuri biyu modem zai ƙone. Ta nemo mai walda ya fasa ƙofa. Mutumin ya zo ya duba ya ce shi ba ya fasa ɗakin mutum mai shi ba ya gari, ko da uwarsa ce ta sa shi. A wannan damina kuma ba motar da ke tashi zuwa Nguru bayan magariba.

Da asuba na karɓi makulli na tafi tasha. Mota ba ta cika da wuri ba. Bayan Jajimaji ruwa ya yanke hanya, motoci sun yi layi ta kowane gefe. Muka sauka, muka jira kwalekwale, masu buhuna suna rigima da masu awaki a kan wa zai fara shiga. Na ɗaure makullin a wuyana da igiyar wando. A ɗaya gefen motar da muka samu ta kafe a taɓo, muka tura, ta sake kafewa. A hanya na ji kiran sallar Juma'a daga wani ƙauye. La'asar ta wuce kafin in shiga Nguru.

Falmata tana zaune a kan benci a ƙofar shago, wasu daga maƙwabta suna tsaye a kanta. Ba ta gaishe ni ba, ta ce kawai, "Tun bayan masallaci layi ya tafi." Na buɗe ɗakin. Baturan suna jere a kan sabon katako, aiki mai tsabta, wanda ya yi shi ya san hannunsa. Saba tana kunne, fankarta tana juyawa. Fitilar aikawa ta modem a kashe. Sun yanke.

Duk da haka na ja kujera na zauna, don a gaban inji ba ƙofar da za ta hana ka. Na cire dokar da ya sa a ta shigowa. Na rubuta wadda ya yi niyya a ta wucewa, na ɗora ta a sama. Na kira maƙwabci ɗaya ya kunna kwamfutarsa. Nan take katanga ta fara kama ƙazanta tana zubarwa, ina kallon lissafin yana hawa. Aikin da gaske bai kai shan shayi ba. Sai dai babu inda saƙo zai je kuma, mai kyau ko marar kyau.

Da Alhaji ya dawo ya tsaya a bakin ɗakin ya daɗe yana kallon baturan.

Ya ce, "Adamu, ni alheri na nufa."

Na ce, "Na sani, Alhaji."

"Me ya hana ku gaya mini da ɗaukewar wuta kuke aiki?"

"Ba mu ɗauke shi abin faɗa ba. Kamar mutum ya ce da iska yake sheƙar hatsi ne."

Ya yi ta bugun waya wurin kamfanin. Suka ce yarjejeniya ta warware, sai dai a shiga a matsayin sabon mai nema, da sabon modem irin wanda suka koma bayarwa, kuma akwai layi a gaba. Maƙwabta ba su jira ba, suka ja waya daga wani kafe da aka buɗe a wajen tasha. Shagonmu ya koma buga takardu da kwafi. Wannan yana iya biyan Falmata da man janareto, amma ba ya kai mutum Kano. Alhaji bai janye hannu lokaci ɗaya ba. Ya kai Lawan daga aljihunsa, ya sake kai shi, a shekarar da ƙaro bai yi kasuwa ba. Daga nan ya sayar da baturan da inbata, ni na kwance su. Daga nan dish ɗin. Tsakanin wanki da wanki ya riƙa tsawo.

Ku samarin yau, in kun gan ni ina ɓata lokaci kafin in taɓa katangar da ke nesa, ga dalili. Nakan sa inji ya mayar da tsofaffin dokoki da kansa bayan ɗan lokaci, sai in na hana shi. Nakan nemi mutum mai makulli ya tsaya kusa da soket da waya a kunnensa. Nakan tambaya me aka ƙara a ɗakin tun rabona da shi, ko da fanka ce. Kuma abin da nake dogaro da shi nakan faɗa wa mai wurin da baki, ko da zai yi mini dariya. Ku kuna ganin tsoro ne irin na tsofaffi. Ba na musu da ku.

Zuwana na ƙarshe wurin Lawan, shinkafa ta fara nuna a fadama. Yana kwance a ɗakin mahaifiyarsa, an jingina masa matasai don kwanciya sosai tana hana shi numfashi. Na ba shi labarin gari, na gaya masa Hajiya mai ɗa a Sudan tana gaishe shi. Bai bi ta wannan ba.

Ya ce, "Yaya, karanta mini dokar da ka sa."

Na faɗa masa ita da ka, baƙi bayan baƙi.

"A wace ƙofa?"

"Ta wucewa."

"Sama ko ƙasa?"

"Sama da mai barin kowa."

"Ta kama?"

"Ta kama, Malam. Ko ɗaya bai tsallake ba."

Ya gyaɗa kai. "To madalla. Dokar daidai take."

Mahaifiyarsa ta shigo da kunu ta ajiye, ta durƙusa kusa da ni. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ɗana, Alhaji bai ce maka yaushe motar za ta zo ba?"

Na dubi Lawan. Shi ne ya amsa, idonsa a rufe.

"Iya, ki daina tambayarsa. Shi mai gyaran katanga ne, ba direba ba."

Ta ɗauki kofin ta riƙa fifita kunun da murfi. Ana tsakiyar yankan shinkafa muka kai shi makwancinsa.